Tafin Hannu a Ƙarƙashin Fenti

Ofelia Barraza ba ta goge fentin mota da rana tsaka a watan Agusta. Babu mai hankali a Yuma, garin hamada a Amurka, da ke yin haka. Ƙarfe yakan ɗauki zafin da zai soya ƙwai, man gogewa kuwa kafin a baza shi ya bushe ya koma gari. Shi ya sa sai da la'asar ta yi sanyi, in dai ana iya kiran wannan sanyi, ta tsayar da motar aikinta a ƙofar wani gida da ke ƙarshen layi, inda kwalta ta ƙare, gonakin latas da ba a shuka ba tukuna suka fara.

Mai gidan ya fito da gajeren wando da farar safa har gwiwa. Wendell Askew ne sunansa, tsohon malamin makaranta da ya gaji gidan daga kawunsa, yana neman ya sayar da duk abin da ke ciki ya huta.

"Misis Barraza ko? An ce ke ce mai ta da matattun motoci."

"Masu suma dai, yallaɓai. Matattu sai makanike."

Ya danna maɓalli, ƙofar gareji ta naɗe sama tana kuka. Baƙar jif ce, tsohuwar yayi, irin wadda aka zagaye ƙugunta da roba. Robar bamba da ta saman tayoyi da ta gindin madubi duk sun koɗe sun koma launin toka. Ofelia ta ja yatsa a kai, yatsan ya fito da fari kamar ta taɓa allo.

"A gareji take, amma roba ta ƙone haka?"

"Ta daɗe a hamada kafin a same ta. Ta ɗan kawuna ce, Royce. Ya fita da ita wata safiya wajen tuddan yashi, bai dawo ba. Daga baya aka tsinci motar a kulle, makulli a ciki. Shi ne dai ba a tsinta ba." Ya faɗi haka ne kamar mai ba da labarin yanayi. "Kawu ya jawo ta nan. Bai taɓa tuƙa ta ba, amma duk shekara sai ya kira mai fenti ya fesa wa ƙofar direba. Ita kaɗai. Tsufa ke nan, ni ma ina hanya."

Ya nuna mata ƙofar. A tsakiyarta, ƙasa da mariƙi, akwai shatin tafin hannu, dishi-dishi, yatsu a haɗe.

"Wannan ne ke korar masu saye. Na wanke, na wanke, ya ƙi."

"Man kare fata daga rana ne," in ji ta. "Mutum ya shafa a hannu, ya dafa mota mai zafi, sai ya ci fenti. Kullum ina ganinsa. Yawanci na yara ne."

"To, wannan yaron ya ci abinci."

Ya ce zai je cin abincin yamma gidan ƙanwarsa a can ɗaya gefen gari. Zai kulle ƙofar da ke tsakanin gareji da cikin gida, ba don ita ba, sai don kyanwarsa mai son yawo. In ta gama ta danna maɓallin bango ta fita kafin ƙofa ta sauko. Ya tafi.

Tana sauke kaya ƙanenta Isidro ya kira daga garin El Centro. Shi ma sana'ar yake yi, a hannunta ya koya, kuma har yau bai yafe mata ba.

"Babbar yaya, kina ina? Inna ta dafa tamale, ƙullin masarar nan da kike so, ta ce in tambaya ko har yanzu kina raye."

"Ina aiki, Chilo. Ka san aiki? Abin nan da mutane ke yi da hannu."

"Wace irin mota?"

"Baƙa."

"Allah ya jiƙan ki. Kar dai ki bi tabo har ki huda fentin mutane."

"Wa ya koya maka wannan?"

"Wata tsohuwa mai faɗa. Ban san inda take yanzu ba."

Wayar ta yi ƙarar ƙarewar caji. Ofelia ta jona ta a cikin motar aiki, ta bar ta a kan kujera tare da gorar ruwanta. Ba nisa, in ji ta.

Da roba ta fara. Ta wanke ta da burushi da sabulu har ruwan bokiti ya yi baƙi, ta bar ta ta bushe, sannan ta bi ta da na'urar hura zafi a hankali. Baƙin ya riƙa tasowa daga cikin tokar kamar jiƙar ƙasa. Daga nan ta shafa man farfaɗo da roba da ɗan soso, ta goge rarar, ta jefa kwalbar a aljihun gaban rigar aikinta. Garejin ya cika da warin roba mai ɗumi. Ta liƙe gefen robar da shuɗin salatif don kada man gogewa ya ɓata ta. Har nan aiki ne irin na kullum.

Rana ta sauko daidai bakin garejin, tana dukan gefen motar. Masu wannan sana'a ba sa son haka. Hasken rana na ɗumama fenti, yana kuma ɓoye ƙananan zane. Duhu suke so, da fitila ɗaya mai ƙarfi da za su karkata yadda suke buƙata. Ofelia ta kunna fitilar tsaye da fanka, ta ɗaura fitilar goshi, ta danna maɓallin bango.

Ƙofa ta sauko. A can sama wani abu ya yi ƙara, tas, kamar an tsinke waya. Ta ɗaga kai, ba ta ga komai ba, ta koma kan aikinta.

A kan fentin kowace mota akwai wata siririyar fata mai haske kamar ruwa, ita ce ke sheƙi. Goge fenti ba komai ba ne illa kankare wannan fata kaɗan-kaɗan har a wuce zurfin tabo. Abin da aka kankare ba ya dawowa. Saboda haka ake aunawa kafin a fara. Ofelia ta ɗora ma'aunin kauri a kan murfin inji, ya nuna abin da aka saba. Ta ɗora a ƙofar baya, haka. Ta ɗora a ƙofar direba, ta duba, ta sake ɗorawa.

Kaurin ya ninka na sauran sau da yawa.

Duk mai goge fenti da ya ga haka abu ɗaya yake ji a ransa: ga wuri, a yi aiki ba tsoro. Ita ma abin da ta ji ke nan. Ba ta tsaya tambayar kanta me zai sa tsoho ya yi ta tara fata a kan fata a wuri ɗaya ba. Sana'a ba ta koyar da irin wannan tambaya.

Ta ɗiga mai a kan soson injin gogewa ta fara. Injin na gurnani, ƙofar na rawa a ƙarƙashinsa. Ta goge da tsumma, ta haska.

Tafin na nan. Ya ma ƙara fitowa.

Wannan ma yana da bayani. In aka share dishin da ke kewaye da tabo, dole tabon ya fi bayyana. Ta canza soso mai kaushi, ta ƙara bi. Ta haska. Yanzu ana ganin gaɓoɓin yatsu.

A nan ya kamata ta tsaya. Ita ta koya wa Isidro dokar, ita ta taɓa ƙwace inji daga hannunsa saboda ita. Amma ga kauri, ga kuma shekara ashirin da ba ta taɓa mayar wa mutum mota da tabo ba. Ta ɗauko takardar yashi mai laushi, ta jiƙa, ta fara kankara da hannu. Farin ruwa ya riƙa gangarowa a kan baƙin ƙofa. Shuu. Shuu. Ta share, ta bi da inji, ta haska.

Zanen tafin hannu ya fito sarai, har da wani tsohon yanka a gindin babban yatsa. Naman ya baje ya yi fari, yadda hannu ke yi in an manna shi da gilashi daga ɗaya gefen.

Kuma yatsun a buɗe suke.

Ofelia ta tsaya. Ta san a haɗe ta gan su. Ta kuma san ta daɗe tana shaƙar mai da roba a ɗaki rufaffe, kuma ido yakan yi wa mutum ƙarya a kan abin da bai kai wannan ba. Ta yanke shawarar ta bi wurin sau ɗaya don ta share zanen takardar yashi, ta tattara kayanta.

Ta danna inji. Fitilar tsaye ta mutu. Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya.

Laifinta ne. Inji da fanka da fitila da na'urar zafin da ta manta ba ta zare ba, duk a layi ɗaya na tsohon gida. Akwatin wutar kuwa, da ta haska bango ta duba, ba ya cikin garejin.

Ta danna maɓallin ƙofa. Shiru.

Ba ta damu ba tukuna. Kowace ƙofar gareji tana da jar igiya a sama, in an ja ta sai a ɗaga da hannu. Ta hau kan kujerar aikinta ta ja, ta sauko, ta kama gindin ƙofar ta ɗaga.

Ko motsi.

Ta haska sama. Ƙaton sifirin da ke ɗauke nauyin ƙofar ya rabe biyu. Ƙarar da ta ji ɗazu ke nan. Ba tare da shi ba, ƙofar bango ce.

Ta je ƙofar cikin gida ta murɗa. A kulle, kamar yadda aka faɗa mata. Ta buga. Kyanwa ta amsa daga ciki, ta zo tana shinshina ƙasan ƙofa, sai kuma ta yi wani irin huci, aka ji gudunta ya yi nisa.

Babu taga. Waya na waje. Ruwa na waje. Gidan da ke kusa yana can bayan fili.

Ta yi kira duk da haka, har maƙogwaronta ya fara zafi. Sannan ta zauna a kan kujera, ta juya wa motar baya. Mista Askew zai dawo. Abin da ake buƙata kawai shi ne ta kai lokacin.

Zafin ya fara hawa. Garejin Yuma a Agusta tanda ce ko da fanka, wannan kowa ya sani. Amma zafin tanda daga ko'ina yake zuwa. Wannan daga bayanta yake zuwa, yana dukan ƙeyarta, kamar ta zauna a bakin murhu.

Warin ma ya canza. Ba roba ba. Yashi mai zafi, da tsohon gumi.

Ƙas.

Ƙarfe yakan yi haka in yana hucewa.

Ƙas. Ƙas.

Babu abin da ke hucewa a ɗakin nan.

Ta kashe fitilar goshi don ta adana batir, sai ta ga inuwarta a jikin ƙofar gareji. Ta daɗe tana kallon inuwar kafin ta yarda da abin da hakan ke nufi. Ta juya.

Wurin da ta goge yana haske. Ta goge shi da kyau, ya zama madubi, sai dai abin da yake nunawa ba gareji ba ne. Farin sama ne, da layin tudun yashi, suna rawa cikin zafi. A tsakiya ga hannun. Bayan hannun akwai wani duhu mai tsayin mutum.

"Madam."

Muryar a bushe take, kamar jan takarda a kan siminti.

"Saura kaɗan."

Ofelia ta miƙe daga kujera.

"Na tashi daga aiki," ta ce, a hankali.

"Ƙara gogawa. Kaɗan."

A tsakiyar tafin, inda ta fi kankara, fatar ta fara kumbura kamar ƙyallen da ake turawa da yatsa. Wani siririn abu ya zubo daga wurin ya taru a ƙasa. Yashi.

Yanzu ta gane aikin tsohon. Ba ado yake yi wa ƙofar ba.

Ba ta da fenti, ba ta da abin fesawa. Salatif take da shi. Ta yago dogo, ta matsa, tana kallon ƙasa, ta manna shi a kan wurin. Ta yago wani ta gicciya. Zafi ya sa bakinsu ya fara nannaɗewa.

Sai ta yi abin da hannunta ya saba yi sau dubbai ba tare da ya nemi izininta ba. Ta ɗora tafinta ta danne salatif ɗin.

Yatsu suka shiga tsakanin nata.

A bushe. Da ƙarfi.

Aka ja.

Hannunta ya nutse cikin ƙofar kamar cikin kwalta mai ɗumi. Yatsu. Tafi. Har wuyan hannu. A can ɗaya gefen ta ji rana ta faɗo a kan fatarta, ranar tsaka, mai nauyi. Ta ji iska.

Ta dafa gwiwa da robar ƙasan ƙofa. Robar da ta shafa wa mai ɗazu. Gwiwar ta zame.

Kumatunta ya bugi gilashi.

"Na gode," in ji muryar, dab da kunnenta. "Ki ɗan tsaya a wurina."

Aka ƙara ja.

Hannunta na hagu na laluben aljihun rigar aikinta. Tsumma. Soso. Kwalba.

Ta cije murfin ta tofar. Ta juye man a kan wuyan hannunta, duka, inda fata ta haɗu da baƙin fenti. Ya gangara ciki.

Ta sa tafin ƙafa a jikin taya. Ta murɗa hannun.

Riƙon ya zame zuwa yatsu.

Ya sake kamawa.

Ta jefa dukkan jikinta baya.

Wani abu ya yage, ta faɗi a kan siminti, bokiti ya kife. Ba ta duba hannun ba.

Sandar burushin wanke rufin mota na jingine da bango. Ta cusa bakinta ƙarƙashin ƙofar gareji, ta tura akwatin kayan aikinta a ƙarƙashin sandar, ta hau ɗaya bakin da cikinta. Sandar ta lanƙwashe. Ƙofar ta ɗaga, faɗin tafi. Ta shura bokiti, bai shiga ba. Ta ƙara dannawa. Ya shiga.

A bayanta salatif na ɓanɓarewa, ɗaya bayan ɗaya.

Ta kwanta. Kai ya wuce. Kafaɗa ta maƙale.

Mariƙin ƙofar mota ya yi ƙara.

Ta fitar da duk numfashin da ke ƙirjinta, ta ja jiki. Ƙarfe ya kankare bayanta. Ƙafarta ta ƙarshe na fita bokitin ya fashe, ƙofar ta faɗo.

A waje ko duhu bai gama yi ba. Sama ja ce ta wajen yamma. Can nesa wani na ban ruwa a ciyawar ƙofar gidansa.

Likitan da ya duba ta ya ce zafi ne da tururin mai, kuma fenti yakan yi zafin ƙona fata in inji ya daɗe a wuri ɗaya. Bayani ne mai kyau, ya kuma isa ga fatar tafin da ta saɓule. Abin da ya ɗan tsaya a kai shi ne bayan hannun, wanda ya yi ƙunar rana har da bororo, irin ta wanda ya wuni a hamada, ta kuma tsaya cak a wuyan hannu kamar an ja layi. Ya tambaye ta ko ta saba tuƙi da hannu ɗaya a waje. Ta ce e. Yashin da ke ƙarƙashin farcenta ita ta wanke abinta.

Mista Askew ya ba ta haƙuri a kan sifirin. Ya ce da ya dawo ya sami ƙofar direba a rufe, salatif a ƙasa, robar kuwa ta yi kyau ƙwarai. Ta ce ya nemi mai fenti ya fesa wa ƙofar, da kauri. Ya ce zai duba. Wani dillali ya zo ya ɗauke motar yadda take.

Hannun ya warke. Ofelia ta koma aiki, a ƙarƙashin rumfa, a fili, ko da rana na ɓata mata gani. Ba ta ba kowa labarin ba, don ita ma da wani ne ya ba ta, da ta tambaye shi abin da ya shaƙa.

Sanyi ya fara shigowa, tana zaune a teburin kicin da yamma, sai ga hoto daga Isidro. Baƙar ƙofa. Tafin hannu biyu, babba da ƙarami, gefe da gefe. Ta kira shi nan take.

"Chilo, ina ka samo motar nan?"

"Wani dillali ya kawo. Kin ga wani ya fara ya gudu, ko kunya babu. Man rana ne, ko?"

"Kar ka taɓa ta. Ka ji ni? Ka tura ta waje, ka kira shi ya zo ya ɗauka."

"Yau kuma? Ke da ba kya barin tabo?"

"Isidro."

Rabon da ta kira shi da cikakken sunansa tun rasuwar babansu.

"To, Yaya. Ban ma jona inji ba." Ta ji takunsa a kan siminti, sannan ya tsaya. Da ya sake magana ya rage murya. "Ƙaramin ne dai ke ba ni mamaki. Duba hoton. A haɗe yatsun suke, ko?"

Ta duba. A haɗe suke.

"To yanzu a buɗe suke."

Ofelia ta sauke ido kan tebur. Hannunta na dama na manne da katako, yatsu a baje, naman ya yi fari don dannawa. Ba ta tuna ta ajiye shi haka ba. Kicin ɗin da sanyi, taga a rufe, amma a bayan hannun tana jin rana.